Shaidun Ƙanƙara: Yadda Ƙasa ke Faɗin Shekarun Abin da Ba Wanda Ya Gani

Titin Wendover na ɗaya daga cikin manyan hanyoyin birnin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, birnin da 'yan Nijar da dama suka mayar gida na biyu. Ya taso daga wajen High Point ya ratsa birnin ya nufi gabas, a ɓangarensa na yamma manyan kantuna da wuraren sayar da motoci sun jeru dama da hagu. Duk inda katafila ta yanki ƙasa a wannan yanki don aza harsashin gini ko binne bututu, jan yumɓu ne mai danƙo ke fara fitowa. In aka ƙara nitsawa sai a tarar da wani abu mai kamannin dutse, da zanensa da jijiyoyin farin ma'adini da suka ratsa shi, amma shebur na yanka shi, hannu ma na marmasa shi. Dutse ne da ruwan sama da ɗumi suka ruɓar a inda yake kwance, kuma a wurare da yawa na wannan tudu da ake kira Piedmont kaurinsa kan kai mita 10 zuwa 20. Irin wannan ruɓewa na cin dubban ɗaruruwan shekaru, sai kuwa an bar ƙasar ta zauna lafiya ba abin da ya kankare ta.

A nan ne masana ilimin ƙasa ke karanta labarin wani abu da ya faru can nesa. Tsakanin shekara 26,500 zuwa 19,000 da suka wuce, wata shimfiɗar ƙanƙara da ake kira Laurentide ta lulluɓe kusan duk Kanada da arewacin Amurka, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. Inda ta bi tana jan ciki ta kwashe ƙasa ta bar dutse tsirara da zane a jikinsa, kamar yadda ake gani har yau a lambun Central Park na birnin New York. Inda ta tsaya kuwa ta jibge tarkacen da ta tunkuɗo, tuddan tsibirin Long Island daga wannan tarkace suke. Ba ta iso Greensboro ba, ta tsaya ɗaruruwan kilomita a arewa, a jihohin Ohio da Pennsylvania da New Jersey. Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: wa ya ce shekara 26,500? Wa ke nan ya rubuta? Abin da nake son kafawa a wannan rubutu shi ne, waɗannan lambobi sun cancanci a yarda da su, kuma dalilin shi ne shaidu masu yawa, waɗanda ba su san juna ba, sun faɗi magana ɗaya. Haka alƙali ke yi a kotu: bai ga abin da ya faru ba, amma in shaidu da ba su haɗa baki ba suka zo ɗaya bayan ɗaya labarinsu ya dace, yakan yanke hukunci da natsuwa.

Shaidu huɗu

Sanin cewa ƙanƙara ta taɓa mamaye ƙasashe ya riga sanin lokacinta da gomman shekaru. A 1837 ne Louis Agassiz ya tsaya a garin Neuchâtel na Suwizalan ya ce manyan duwatsun da ake tsinta nesa da asalinsu ƙanƙara ce ta ɗauko su. Shekarun abin kuwa sai kintace. Wanda ya fara ƙirga su da gaske shi ne Gerard De Geer na Suwidin. Ya lura cewa a tafkunan da ke bakin ƙanƙara, kowace shekara na barin zubi biyu na laka: lokacin zafi narkakken ruwa na kawo rairayi mai haske, lokacin hunturu da saman tafki ya daskare sai lallausan yumɓu mai duhu ya kwanta. Fari da baƙi, shekara ɗaya ke nan. Ya bi su daga rami zuwa rami yana haɗa jerin masu kauri da sirara, har ya gabatar da lissafin kimanin shekara 12,000 a taron masana na Stockholm a 1910. Ɗalibinsa Ernst Antevs ya kai dabarar kwarin kogin Connecticut a Amurka, a 1922 ya wallafa ƙidayar sama da shekara 4,000 na ja da bayan ƙanƙara a wannan kwari. Wannan shaida ba ta buƙatar wata na'ura, ido da haƙuri kawai take nema.

Shaida ta biyu ta zo daga ɗakin gwaji. A 1949 Willard Libby na Jami'ar Chicago ya nuna cewa duk abu mai rai na ɗauke da wani nau'in kabon, kabon-14, wanda ke fara raguwa da zarar rai ya fita, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. A Two Creeks, bakin tafkin Michigan a jihar Wisconsin, akwai wani daji da ƙanƙara ta dawo ta danne, kututtukan suna nan ƙarƙashin yumɓun da ta bari. Da aka gwada itacen sai ya ba da kimanin shekara 11,400, kusan rabin abin da ake zato a da. Sai dai kabon-14 na buƙatar abin da ya taɓa rayuwa, kuma ba ya wuce shekara 50,000. Don haka aka nemo shaida ta uku daga jikin dutsen kansa. Akwai wasu ƙwayoyin haske masu ƙarfi da ke saukowa daga sararin samaniya dare da rana, in sun bugi farin ma'adinin da ke fuskar dutse sai su haifar da beriliyom-10 kaɗan kaɗan. Ƙanƙara mai kauri na tare su. Ranar da ta janye ta bar dutsen a fili, ranar agogon ke fara tafiya. Mai bincike zai hau saman dutsen da ƙanƙara ta ajiye, ya fafe ɓallinsa da guduma da kurfi, a narkar a ƙirga ƙwayoyin, a san tsawon zamansa a sarari. Shaida ta huɗu kishiyar wannan ce. Ƙwayar rairayi da aka binne tana tara wani kuzari daga ƙasar da ke kewaye da ita, hasken rana kuwa na goge shi. Shi ya sa ake buga bututu marar huda a jikin rami, a toshe bakinsa, a buɗe shi a ɗaki mai duhu ƙarƙashin jar fitila. Hasken da ƙwayar ta fitar in an tsokane ta shi ke faɗin yaushe rabonta da rana.

Kowace cikin huɗun nan da tushenta daban: ɗaya ƙidaya ce, ɗaya ruɓewar kabon, ɗaya taruwar beriliyom, ɗaya haske. Abin da zai ruɗi ɗaya ba shi zai ruɗi sauran ba. Sannan teku ta zo da tata. Ruwan da ya daskare a kan tudu daga teku aka ɗebe shi, don haka duk lokacin da ƙanƙara ta yi girma teku kan ja baya. A 1989 Richard Fairbanks ya haƙo murjani daga ƙarƙashin ruwa a gaɓar tsibirin Barbados, irin murjanin da ba ya rayuwa sai kusa da saman ruwa, ya nuna cewa teku ta yi ƙasa da kimanin mita 120. Kafin nan, a 1976, wasu masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, sun auna ɓawon ƙananan halittun teku a lakar ƙasan ruwa, suka ga ƙanƙara na zuwa tana komawa bisa zagaye na shekara 100,000 da 41,000 da 23,000, daidai da sauye-sauyen karkatar duniya da hanyarta a kewayen rana da Milutin Milankovitch na Sabiya ya lissafa tun da farkon ƙarni na 20. Masu lissafin taurari da masu haƙar laka, kowa da hanyarsa, suka haɗu a wuri ɗaya.

Inda ba ta taka ba, inuwarta ta kai

Jihar Karolina ta Arewa ta nuna cewa ana iya karanta tarihin ƙanƙara ko a ƙasar da ba ta taka ba. A gabashin jihar akwai tafkuna da fadamu masu siffar ƙwai, irin su Singletary da Rockyhock, waɗanda lakarsu ta adana garin furen itatuwa zubi bisa zubi. David Frey a shekarun 1950, daga baya Donald Whitehead, sun tarar cewa a zamanin tsananin sanyi itatuwan da suka cika yankin irin na dazuzzukan Kanada ne na yau. Kusa da teku kuma akwai wata doguwar gargada da ake kira Suffolk, tsohuwar gaɓa ce da yanzu take kilomitoci masu yawa cikin tudu, masana da dama na danganta ta da lokacin ɗumi na kimanin shekara 125,000 da suka wuce, sa'ad da teku ta ɗara ta yau da mita 5 zuwa 10. Har yanzu ma ƙanƙarar ba ta gama da jihar ba. Nauyinta ya danne ƙasar Kanada, gefen da ke kudu ya kumbura. Da ta narke sai abin ya juya: bakin tekun Hudson na tasowa da kimanin santimita 1 a shekara, gaɓar Virginia da Karolina ta Arewa kuwa na nitsewa sannu a hankali, abin da ke ƙara wa ambaliyar teku ƙarfi a can.

Ƙasar Hausa ma na cikin wannan littafi. A 1958 masanin Ingila A. T. Grove ya bayyana cewa dogayen jigayin da suka jeru daga gabashin Kano zuwa Borno, waɗanda yau ake noma gero da gyaɗa a kansu, tsofaffin tulin rairayin hamada ne da iska ta tara. Gwajin hasken rairayi da aka yi daga baya a arewa maso gabashin Najeriya ya nuna cewa da yawansu sun yi motsi a ƙarshen zamanin ƙanƙara, lokacin da hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Lakar teku a gaɓar Senegal ta ƙara bayani: duk sa'ad da Laurentide ta zubar da manyan curin ƙanƙara cikin Atlantika, abin da Hartmut Heinrich ya gano alamarsa a 1988, zagayen ruwan teku kan raunana, damina ta ja kudu, Sahel ta faɗa mummunan fari. Bayan nan al'amari ya juya. Sauyin karkatar duniya da ya narkar da ƙanƙara shi ne kuma ya ƙarfafa damina, tsakanin kimanin shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce Sahara ta yi kore. Tafkin Chadi ya bazu ya kai murabba'in kilomita 350,000 ko fiye, tudun rairayin Bama da ya ratsa ta Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a yankin da yau ke jihar Yobe, kabon-14 ya ba shi kimanin shekara 8,000. Maƙabartar Gobero a hamadar Tenere ta Nijar ta masunta ce da suka zauna bakin tafki. Agogon da ya auna itacen Wisconsin shi ya auna kwalekwalen Yobe, don haka wanda ya yi alfahari da shekarun Dufuna ya riga ya karɓi shaidar da ake kafa tarihin ƙanƙara da ita.

Nijar ma tana da sawun ƙanƙarar kanta. A tsaunukan Jado, can arewa maso gabas, da Tassili a kudancin Aljeriya, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu dogayen zane da kwaruruka da ƙanƙara ta sassaƙa kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, lokacin da wannan ɓangare na Afirka ke kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Masu neman man fetur ne suka fito da wannan labari sosai a shekarun 1960, domin rairayin da waccan ƙanƙara ta bari na cikin duwatsun da ke riƙe mai da gas a Aljeriya da Libiya. A wannan nisa kabon-14 ba shi da ta cewa. Ana dogara da burbushin halittun teku da ke cikin duwatsun sama da ƙasa, a daidaita su da tokar aman wuta ta wasu ƙasashe wadda ake auna shekarunta da rikiɗar yuraniyom zuwa dalma.

Abin da masu shakka ke cewa

Ƙorafi na farko, kuma mai nauyi, shi ne masanan sun sha yin kuskure. Gaskiya ne, kuma misali mafi kyau daga jihar Karolina ta Arewa ya fito. A 1973 wasu masana biyu suka wallafa a mujallar Science cewa sun ga zanen ƙanƙara a dutsen Grandfather da ke yammacin Karolina ta Arewa. Shekara na zagayowa wasu suka hau dutsen suka duba, suka nuna cewa igiyoyin ƙarfe na masu jan gungumen katako ne suka goge duwatsun. Kabon-14 ma an gano cewa yawansa a iska ba ɗaya yake ba a kowane zamani, don haka aka daidaita shi da zoben shekara na itatuwa da murjani da duwatsun kogo, shekarun dajin Two Creeks suka koma kusan 13,500. Beriliyom na iya ƙara wa dutse shekaru in ya taɓa zama a fili kafin ƙanƙara ta ɗauke shi, yana iya rage masa in dutsen ya mirgina daga baya. Jan yumɓun Greensboro shi kansa bai isa hujja shi kaɗai ba, domin akwai wurare a arewa da ƙanƙara ta daskare da ƙasa ta zauna bisa ruɓaɓɓen dutse ba ta kankare shi ba. Abin da ya rufe magana shi ne babu baƙin duwatsu, babu tarkace, babu zane a duk faɗin yankin. Amma a duba yadda aka kama kowane kuskure: wata shaida ce ta ƙaryata wata. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya gwada dutse ɗaya ya tafi, yakan gwada da yawa a kan tudu ɗaya, ya faɗi lambarsa tare da iyakar kuskurenta. Ilimin da ke bayyana inda ya yi tuntuɓe ya fi cancantar amana bisa wanda bai taɓa gyara kansa ba.

Ƙorafi na biyu daga zuciya mai tsoron Allah yake fitowa: ashe wannan ba kutse ba ne cikin gaibu? Damuwar abar girmamawa ce, amma abin da ake yi a nan bin sawu ne. Laka tana nan, kututture yana nan, zanen dutse yana nan, duk mai shakka na iya zuwa ya gani ya sake aunawa. Ba a ce an san abin da zai faru gobe ba, ba a kuma ce an san asirin halitta ba. An duba abin da aka bari a bayan ƙasa ne aka yi lissafi, kuma duba halitta da tunani a kanta abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa.

Ƙorafi na uku ya fi yawo a bakin mutane: tun da yanayi ya saba sauyawa da kansa tun kafin a ƙera mota, me ya sa ake ɗora wa ɗan Adam laifin ɗumamar yau? Amsar tana cikin lambobin nan da kansu. Ƙanƙarar da Turawa suka haƙo a Dome C na Antaktika ta adana kumfar iska ta shekara 800,000, kuma a duk tsawon wannan lokaci iskar kabon ba ta fita daga tsakanin kimanin kashi 170 zuwa 300 cikin miliyan ba: tana ƙasa lokacin sanyi, tana sama lokacin ɗumi. Hawanta na ƙarshen zamanin ƙanƙara ya ɗauki dubban shekaru. Yau ta haura 420, daga 280, cikin ƙasa da shekara 300. Ba don an san shekarun can ba, da ba a san cewa gudun yau ya fita daban ba. Tarihin kuma ya nuna ƙanƙara ba koyaushe take narkewa a hankali ba. Murjanin Barbados da na Tahiti sun nuna cewa kimanin shekara 14,600 da suka wuce teku ta tashi da fiye da mita 10 cikin 'yan ɗaruruwan shekaru. A Greenland, rami da aka haƙa a sansanin Camp Century ya huda kusan mita 1,400 na ƙanƙara a 1966 ya ɗebo ƙasar da ke ƙarƙashi. Aka ajiye ta a firji shekara da shekaru, har aka sake gano ta a Copenhagen a 2017. Da aka wanke ta sai ga ganyaye da ƙirare. Gwajin haske da aka wallafa a 2023 ya nuna ƙasar ta ga rana kimanin shekara 416,000 da suka wuce, wato wurin ya taɓa zama babu ƙanƙara alhali iskar kabon ba ta kai ta yau ba. Ƙanƙarar Greenland kuwa in ta narke duka za ta ɗaga teku da mita 7.

Saura mai cewa ina ruwan Bakano ko Bamaraɗe da wannan. Ruwansa na nan a wurare biyu. Na farko shi ne tashin teku: Legas da Kwatano da Lome da Akara duk a bakin teku suke, can ne 'yan kasuwarmu da zangunanmu suke, ta can kuma kayan da ke cika kasuwannin Kano da Maraɗi ke shigowa. Na biyu kuma shi ne damina. In ruwan ƙanƙarar arewa ya taɓa raunana zagayen Atlantika har Sahel ta bushe, to manomin gero na da haƙƙin sanin sau nawa hakan ya faru, da saurin da ya zo da shi, da tsawon da ya ɗauka. Na'urorin hasashen yanayi da gwamnatoci ke dogaro da su ana gwada ingancinsu ne da irin wannan tarihi: wadda ta kasa fitar da koren Sahara na jiya ba a sakankance da abin da za ta ce game da daminar jikokinmu ba.

Don haka ɓangarenmu na wannan littafi bai kamata a bar wa baƙi su riƙa karanta mana shi ba. Jigayin Kano da Jigawa, tudun Bama, fadamun Haɗeja da Nguru, tafkunan Manga, duwatsun Jado, duk shaidu ne da ke jiran mai tambaya, kuma tifofin masu ɗibar yashi na cin wasunsu kullum. Sassan ilimin ƙasa na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Maiduguri da Abdou Moumouni na da ɗaliban da za su iya wannan aiki in an ba su kayan gwaji da kuɗin fita daji, kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Amurka da Turai na iya zama gada tsakaninsu da ɗakunan gwajin can. Kafin a yanke tudun rairayi a sayar da shi tifa tifa, a bar masu bincike su ɗebi samfur su auna shekarunsa, domin tudun da aka kwashe ba ya sake ba da shaida.